Kalma Ɗaya A Kowace Rana: Asalin Wasan Cankar Kalma Da Dabarun Cinsa

Tun daga ƙarshen shekarar 2021 wata al'ada ta kafu a tsakanin masu karatun Ingilishi a duniya, wadda in aka ba wanda bai san ta ba labarinta sai ya yi murmushi, domin abin da ta ƙunsa bai wuce a ɓoye kalma ɗaya mai haruffa biyar ba, a ce kowa ya nemo ta cikin gwaji shida. Sunan wasan Wordle. Mai wasa yakan buɗe wayarsa ko kwamfutarsa ya tarar da gidaje talatin a shirye kamar na hatimi, sahu shida, kowane sahu gida biyar, ya rubuta kalmar da ya ga dama a sahun farko. Harafin da yake cikin kalmar ɓoye, kuma ya faɗa gidansa, sai ya zama kore. Wanda yake cikinta amma ya sauka a gidan wani sai ya zama ruwan ɗorawa. Wanda ba shi da rabo a cikinta kuwa sai ya koma toka-toka. Da waɗannan launuka uku kaɗai ake so mutum ya yi ta ƙiyasi har ya fita daga zato ya kai ga yaƙini kafin sahu na shida ya cika. In ya samu ya samu, in ya rasa ya rasa, ba a kuma ba shi wata kalma sai dare ya raba.

Wanda ya dubi abin sama-sama zai ce ai wannan ɗan zamanin intanet ne, ba uba ba kaka. Amma in aka bi salsalarsa da natsuwa sai a tarar gado biyu ya haɗa, domin al'adar fitowa sau ɗaya a rana daga jaridu ya ɗauko ta, hanyar tambaya da amsa kuwa daga waɗansu wasanni na takarda da fensir. Dabarar cinsa kuma ta girme su duka nesa ba kusa ba, gama malaman Bagadaza sun rubuta tushenta fiye da shekara dubu da suka shige, ba don wasa ba, sai don warware wasiƙun asiri.

A ranar Lahadi 21 ga Disamba, 1913, wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ta Ingila wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya buga wani sabon abu a shafin nishaɗi na jaridar New York World: gidaje ne fanko a jere, kowane sahu da ɗan bayanin da ke nuna kalmar da za ta cika shi, kalmomin kuma suna gicciye juna, har harafin da ya zauna daidai a wannan ya zama mataimaki a waccan. Masu karatu suka nuna suna so, aka ci gaba da bugawa kowane mako. Sai a 1924 abin ya zama ruwan dare, sa'ad da waɗansu samari biyu, Richard Simon da Max Schuster, suka buɗe kamfanin ɗab'i, littafinsu na farko kuwa tarin irin waɗannan wasanni ne, kowane kwafi da fensir a maƙale. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, kamfanin kuma yana nan har yau yana cikin manyan masu buga littattafai na Amurka. Jaridar New York Times, wadda ke ganin kanta dattijuwa ce, ta ɗaga hanci a shekarar ta 1924, ta rubuta cewa wannan ɓarnar lokaci ce da ba ta ƙara wa mutum ilmi ko kaɗan. Ta daure a kan ra'ayinta shekara goma sha takwas. Da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, Amurka ta shiga yaƙi, editocinta suka ga jama'a na bukatar abin da zai ɗauke musu hankali daga munanan labarai, sai suka sauko, suka fara bugawa ranar 15 ga Fabrairu, 1942, a hannun wata mata mai suna Margaret Farrar; a 1950 kuma ya zama na kullum. A riƙe sunan wannan jarida, za ta sake shigowa labarin nan.

A Ingila Daily Telegraph ta fara nata a 1925, The Times ta Landan ta biyo baya a 1930, kuma a can ne aka ga alamar cewa wasa ƙwaƙwalwa irin wannan da aikin warware asiri 'yan ɗaki ɗaya ne. A farkon 1942 Telegraph ta yi gasa ta waɗanda ke iya gama wasan cikin minti goma sha biyu, bayan gasar kuwa hukumar yaƙi ta aika wa waɗansu daga cikinsu takarda a asirce, aka ɗauke su aikin fasa saƙonnin Jamus da ake yi a Bletchley Park. A 1944 kuma, ana saura 'yan makonni sojojin ƙawance su ƙetare teku zuwa Faransa, sai ga sunayen sirri na wannan shiri, su Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshin wasan jaridar. Jami'an leƙen asiri suka tsare mai shirya shi, wani shugaban makaranta da ake kira Leonard Dawe, suka yi masa tambayoyi, ba su same shi da laifi ba. Shekaru da yawa bayan haka wani tsohon ɗalibinsa ya ce ai su yara ne suke ba malamin kalmomi, su kuwa a bakin sojojin da suka yi sansani kusa da makarantar suke tsintarsu.

Abin da jarida ta bar wa wannan al'ada sharaɗi ne guda mai ɓangare biyu, wanda ita kanta ba don hikima ta sa shi ba, tilas ce ta injin ɗab'i: kowa mas'ala ɗaya yake samu, amsa kuma sai gobe. Akawu da ke cikin jirgin ƙasa da attajirin da ke zaune a soronsa kalma ɗaya ce ta tsaya musu a wuya, in sun haɗu suna da abin zantawa.

Gado na biyu ya fi wannan ƙanƙanta a ido, amma shi ne ƙashin bayan wasan. Da daɗewa 'yan makaranta a Ingila suna da wani wasa na mutum biyu da suke kira bijimai da shanu. Ɗaya ya rubuta lamba mai alƙaluma huɗu ya ɓoye, ɗayan ya canka. Alƙalamin da ya dace kuma ya zauna a muhallinsa bijimi ne, wanda ya dace amma ya kauce wa muhalli saniya ce. A 1955 wani Ba'amurke, Morton Rosenfeld, ya fito da irinsa na kalmomi masu haruffa biyar, ya sa masa suna Jotto, sai dai a nan ana gaya maka adadin haruffan da kuka yi tarayya ne kurum, ba a gaya maka waɗanne ba ne. A 1970 Mordecai Meirowitz na ƙasar Isra'ila ya mai da lambobin launuka, wani kamfanin roba na Ingila ya ƙera shi da 'yan turaku masu launi ya sayar da miliyoyi da sunan Mastermind. A 1987 kuma aka fara wani shirin talabijin a Amurka mai suna Lingo, wanda daga baya ya yi farin jini sosai a ƙasar Holan, inda ake cankar kalma mai haruffa biyar ana nuna wa mai canka harafin da ya zauna da wanda ya kauce. Duk wanda ya ga Lingo ya ga Wordle zai san jini ɗaya ne.

A kan Mastermind ne aka fara yi wa wannan fanni hisabi na sosai. Launi shida ne, gurbi huɗu, watau abin da za a iya ɓoyewa iri 1,296 ne. A 1977 Donald Knuth, malamin lissafi da ilmin kwamfuta a Jami'ar Stanford, ya tabbatar da hujja cewa ko wanne aka ɓoye ana iya kama shi cikin gwaji biyar ko ƙasa da haka, in an bi ƙa'ida guda: kafin ka yi kowane gwaji ka ƙaddara cewa amsa mafi muni ce za ta zo maka, ka zaɓi gwajin da ko ita ta zo zai bar maka shakku mafi ƙaranci. Abin da ya fi ba mutane mamaki cikin hanyarsa shi ne, wani lokaci tana umartarka ka jefa abin da ka riga ka san ba shi ne amsa ba, don kawai zai raba maka sauran. Wannan ita ce babbar fa'idar fannin duka, za mu kuwa ga amfaninta nan gaba kaɗan.

Wanda ya ɗaura auren gadon nan biyu shi ne Josh Wardle, mutumin Wales mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, mazaunin unguwar Brooklyn a New York. Tun 2013 ya yi gwajin farko, ya zuba masa kusan dukan kalmomin Ingilishi masu haruffa biyar, har da waɗanda ba mai jin su sai a ƙamus, abokansa suka taɓa suka ajiye. A zamanin annobar korona, da zaman gida ya yi tsawo, ya sake tono shi don abokiyar zamansa mai son irin waɗannan wasanni, ita kuwa tun kafin nan ta riga ta yi aikin da ya raya shi: ta bi kalmomi wajen dubu goma sha biyu tana tace su, wadda ta sani ta ajiye, wadda ba ta sani ba ta ture gefe, har aka tsaya a kan 2,315 da za su riƙa zama amsa, sauran kuma aka bar su a matsayin waɗanda ya halatta a gwada da su. Ya sake shi ga jama'a a Oktoba 2021, ba talla, ba kuɗi, ba kuma saƙon da ke bin mutum yana tuna masa. Ranar 1 ga Nuwamba mutum 90 ne suka buga. Ranar 2 ga Janairu, 2022, sun haura 300,000. Abin da ya hura wutar kuwa wata dabara ce da waɗansu masu wasa a New Zealand suka ƙago, shi kuma ya karɓa ya sa a cikin wasan: mutum ya nuna wa jama'a launukan sahunsa ba tare da haruffan ba, a ga yadda ya sha fama, ba a ga amsar ba. Ranar 31 ga Janairu, 2022, New York Times, wadda ta taɓa kiran irin wannan abu ɓarnar lokaci, ta saye shi a kan kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya.

To, yanzu mu koma ga dabara, mu kuwa fara daga inda ta faro. Abu Yusuf Ya'aƙub ɗan Ishaƙ Alkindi, wanda ake wa laƙabi da Failasufin Larabawa, haifaffen Kufa ne, ya yi zamaninsa a Bagadaza a ƙarni na tara na Miladiyya, a fadar Halifa Ma'amun da Mu'utasim. Cikin ɗimbin abin da ya wallafa akwai wata risala a kan fitar da ɓoyayyen rubutu, wadda ta kwanta a taskar littattafai ta Sulaimaniyya a Santambul ƙarni bayan ƙarni, sai a 1987 aka buga ta a Dimashƙu. Abin da ya koyar a ciki shi ne, in aka kawo maka wasiƙar da aka musanya haruffanta da waɗansu alamu, kuma ka san harshen da aka rubuta ta da shi, sai ka nemi wani rubutu bayyananne na wannan harshe mai tsawon kamar shafi guda, ka ƙidaya kowane harafi sau nawa ya zo, ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, sa'an nan ka yi wa alamun wasiƙar irin wannan ƙidaya, ka gwama na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu. A Larabci alif ne kan gaba, lam na bin sa. Bai tsaya nan ba, ya yi bayanin haruffan da ke iya maƙwabtaka da juna da waɗanda ba sa haɗuwa, ya kuma ja hankali ga kalmomin da ake tsammanin samu, kamar basmala a farkon takarda. Ba daga sama wannan tunani ya faɗo masa ba. Kafin shi Halilu ɗan Ahmad na Basra, malamin Sibawaihi, ya shirya ƙamus ɗinsa Kitabul Aini ta hanyar jujjuya haruffan kowane tushe, mai uku ya ba da siga shida, ya ware waɗanda Larabawa ke amfani da su daga waɗanda suka yi watsi da su. Malaman Alƙur'ani kuma sun riga sun saba da ƙidayar ayoyi da kalmomi da haruffa, aikin da alarammominmu na tsangaya suke da nasu rabo a cikinsa, wanda suke kira harji.

In aka yi wa kalmomin amsa na Wordle ƙidayar Alkindi, sai a ga E ce ta fi kowane harafi yawa, sa'an nan A da R da O da T, kana L da I da S da N. Su J da Q da X da Z kuwa baƙi ne masu zuwa jefi-jefi. S ta fi kowa buɗe kalma, E da Y sun fi kowa rufe ta. Saboda haka kalmar buɗewa ta ƙwarai ita ce mai haruffa biyar dabam-dabam daga cikin masu yawan nan, kowanne a gidan da ya saba zama, irin su SLATE da CRANE da TRACE. Jama'a dai sun fi son ADIEU, don tana ɗauke da wasula huɗu, suna ganin in sun san wasulan sun ci rabin yaƙi. Ni a ganina wannan kwaɗayin ganin launi ne da wuri, ba dabara ba. Wasali kusan kowace kalma tana da shi, don haka sanin akwai A bai kore maka abu mai yawa ba. Baƙaƙe su ne ke rarrabe kalma da 'yar'uwarta, kuma duk wanda ya iya karanta Larabci marar wasali ya san da baƙaƙe kaɗai ana gane magana, da wasula kaɗai kuwa ba a gane kome. Na'urar nazari da New York Times ta ƙera a 2022 don auna wasan mutane ita ma ba ta sa ADIEU a sahun gaba ba.

Dalilin wannan a lissafi ya samo asali ne daga Claude Shannon, wanda a 1948 ya kafa ilmin auna yawan labarin da ke cikin saƙo, har a 1951 ya riƙa sa mutane suna cankar harafin da zai biyo baya a jimlar Ingilishi don ya gane yadda harshe ke tona asirin kansa. Ma'anar abin a sauƙaƙe ita ce, gida biyar ne, kowanne yana iya ɗaukar launi ɗaya cikin uku, watau amsar da gwaji ɗaya zai iya jawowa ba ta wuce iri 243 ba. Kowane gwaji yana kasa kalmomin nan 2,315 kashi-kashi gwargwadon launin da kowacce za ta bayar, gwani kuwa shi ne mai zaɓar kalmar da za ta yi kashi da yawa ƙanana, ba 'yan kaɗan manya ba. Buɗewa mai kyau takan rage dubu biyun nan da ɗoriya zuwa ƙasa da ɗari a matsakaici. Ko da sahun farko ya fito toka-toka gaba ɗaya, abin da ke sa sabon shiga ya karaya, ai an yi riba, domin abin da ya saura bai wuce wajen ushurin kalmomin ba. A 2022 masana biyu na jami'ar MIT, Dimitris Bertsimas da Alex Paskov, suka bi dukan hanyoyin wasan da kwamfuta, suka tarar in aka fara da SALET, sunan wata hular ƙarfe ta mayaƙan da, wadda ita kanta ba ta cikin kalmomin amsa, ana gamawa cikin gwaji 3.42 a matsakaici, ba a taɓa wuce biyar ba. Ɗan Adam ba zai haddace wannan bishiya ba, ba kuwa a bukatar ya haddace. Tazarar da ke tsakanin manyan kalmomin buɗewa kaɗan ce, inda ake faɗuwa a tsakiyar wasa ne.

Ga misali a kusa. A watan Maris na 2022 amsar wata rana ta kasance WATCH, mutane da yawa kuma suka sha ƙasa, ba don kalmar baƙuwa ce ba, sai don 'yan'uwanta sun yi yawa. A ce mutum ya kai sahu na uku ya ga gidaje huɗu na ƙarshe sun yi kore, A da T da C da H, saura gida ɗaya, ransa ya yi fari yana ganin ya gama. Alhali kalmomi bakwai ne ke tsaye a ƙofa: BATCH, CATCH, HATCH, LATCH, MATCH, PATCH, WATCH, shi kuwa gwaji uku ya rage masa. In ya bi son zuciya yana jefa su ɗaya-ɗaya, rabonsa uku ne cikin bakwai, watau faɗuwa ta fi tsira kusa. In kuwa ya tuna da Knuth, sai ya haƙura da koren da ya tara, ya rubuta BLIMP a sahu na huɗu, yana sane sarai ba ita ce amsa ba. Cikin B da L da M da P duk wadda ta yi launi ta nuna masa kalmarsa, ya gama a sahu na biyar. In ba wadda ta yi, saura uku, sai ya rubuta CROWD: C ta yi kore, CATCH ce; W ta yi ruwan ɗorawa, WATCH ce; in ba ko ɗaya, HATCH ce, ya rubuta ta a sahu na shida da yaƙini. Ya sayar da alfaharin gamawa da wuri ya sayi tabbas. Akwai wani salon wasan mai tsanani da ke wajabta wa mutum amfani da duk harafin da ya bayyana, a nan wannan mafita ta haramta, don haka mai bin sa tilas ya hango irin wannan rami tun daga sahu na biyu, ya gwada baƙaƙe da yawa kafin ya ɗaure kansa da ƙarshen kalma.

Sauran abin lura ƙanana ne amma suna da amfani. Harafi yana iya maimaituwa, kusan sulusin kalmomin amsa haka suke, mutane kuwa sukan manta, shi ya sa PARER ta karya jama'a a Satumba 2022. Harafi mai ruwan ɗorawa labari biyu ya ba ka, cewa yana nan da cewa ba nan gidan ba, mai sake ajiye shi inda yake ya yi asarar gwaji. Jam'i mai ƙarewa da S kawai ba ya zama amsa. Rubutun kuma na Amurka ne, abin da ya fusata mutanen Ingila a Janairu 2022 ranar da FAVOR ta fito, su da ke rubuta ta da haruffa shida. A Nuwamba 2022 New York Times ta naɗa edita, Tracy Bennett, mai zaɓen kalmar kowace rana, saboda haka akwai hankalin mutum a bayan zaɓen, kalmar da kowa ya sani ta fi wadda sai an buɗe ƙamus kusa da zama amsa.

Da wasan ya bunƙasa sai wata ƙaramar sana'a ta tsiro a gefensa, ta masu ba da haske. Kowace safiya jaridu da yawa sukan rubuta cewa kalmar yau tana da wasali kaza, ta fara da harafi kaza, ma'anarta ta shafi abu kaza, a ƙasa kuma su ajiye amsar tsirara. Abin da ke kai mutane can ba wani abu ba ne illa lissafin da wasan ke riƙe wa kowa na kwanakin da ya jera bai faɗi ba, wanda in ya yi tsawo sai tsoron yankewarsa ya fi daɗin wasan ƙarfi. Ban ga laifin wanda Ingilishi ba harshensa ba ne in ya nemi ma'anar kalma bayan ya gama, wannan karatu ne. Amma mai leƙa harafin farko kafin ya yi gwaji ko ɗaya, lissafin kwanakinsa shaidar zur yake yi masa. A kacici-kacicinmu na dandali wanda ya kasa ba ya samun amsa a ɓagas, sai ya ba da gari a gaban kowa, mai tambaya ya karɓa ko ya ce bai ishe shi ba, sa'an nan a faɗa masa. Kasawa a bayyane tana cikin ladabin wasan, kuma masu ilmi ba su taɓa ɗaukar irin wannan gwajin basira abin raini ba, ga Maƙamatul Hariri nan da ake karantawa a zaurukanmu, har da babobin da aka gina a kan lugga mai sarƙaƙiya da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa.

An kwaikwayi wasan a harsuna da yawa, kowane harshe kuma da tasa ƙidayar, domin dabarar Ingilishi ba ta ƙetare iyakarsa. Duk wanda zai shirya shi da Hausa sai ya fara yanke hukunci a kan mas'aloli tun kafin ya zana gida ɗaya: ko sh da ts gida ɗaya za su ci ko biyu, da yadda za a yi da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma karin sauti ko tsawon wasali ya raba su. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba makawa a ba su matsayinsu dabam, in ba haka ba kauri da ƙauri sun zama abu guda, ga kuma tauri da sauri da ɗauri suna jira a gefe, rami irin na WATCH sak. Mai wasa da Hausa zai tarar mafi yawan kalmomi da baƙi suke farawa su ƙare da wasali, saboda haka gidan ƙarshe ba shi da wuya, wuyar tana gida na ɗaya da na uku. Kalmomi kuwa ba a rasa su ba, ga ƙamus ɗin Bargery na 1934, ga na Abraham na 1949, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Aikin da ke gaban mai shiryawa shi ne irin na matar nan ta Brooklyn, ya zauna ya tace wanda Bakano da Basakkwace da Badamagare duk za su gane. Malamin Hausa da ke son gwada wannan da ɗalibansa ba ya bukatar kwamfuta, allo da alli mai launi biyu sun isa. Ya fara sa su ƙidaya haruffan shafi ɗaya na jaridar Hausa tukuna, za su tarar harafin a ne ke kan gaba da rata mai yawa.